Shara Ta Biyu

Kafin mu isa, mutanen layin sun riga sun gama shari'ar. Rabi sun ce mai ruwa ne, rabi sun ce mai gyaran keken ɗinki ne. Ni bakinsu bai dame ni ba, ƙafafunsu ne suka ɓata mini rai. Mutum talatin a ƙofar gida ɗaya, kowa yana salati yana tattaka mini shaida.

Ni ce ake kira Inna Mai Sawu. Mahaifina bin sawun dabbobin da aka sace ne aikinsa, kuma da bai samu ɗa namiji ba, sai ya riƙa tafiya da ni. Yanzu ina aiki a ofishin lauyoyin da ke tsaya wa matan da aka doka ko aka ci wa zarafi, kyauta, ba a karɓar ko sisi. A takarda ni mai shara ce da dafa shayi. Amma duk ranar da magana ta cakuɗe, Lauya takan ɗauki makullin mota ta ce, "Inna, ajiye tsintsiyar nan." Ba yabon kai ba, ba ta taɓa yin nadamar ɗauko ni ba.

Ga abin da ya faru. Da ƙarfe tara na safe wata mata ta shiga gidan maƙwabciyarta aron almakashi, ta tarar da ita kwance a tsakar gida kusa da duron ruwa, kai a fashe, hannu a karye. Telar layin ce, ana ce mata Maman 'Yan Biyu. Kan keken ɗinkinta ya ɓace daga kan teburinsa. Sai kowa ya ce sata ce.

Na roƙi Sufeto, ɗan sandan da aka turo, ya rufe gidan kada kowa ya ƙara shiga. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi Lauya, sannan ya rufe.

* * *

Maƙwabciyar ce ta kira mu. Ta ja mu cikin ɗakinta, ta sakaya ƙofa.

"Mijinta kafinta ne, shagonsu na ƙarshen layi," in ji ta. "Ƙarfe bakwai ya fita, na gan shi da idona. Yara suka tafi makaranta. Bakwai da rabi na ji tana shara, kamar kullum. Daga nan na tafi kasuwa, sai wajen tara na dawo."

"To me ya sa kika kira mu, ba 'yan sanda kaɗai ba?" in ji Lauya.

Ta murza bakin zane. "Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Lauya. Shekara da shekaru ina jin abin da nake ji. Amma don Allah kada ku ce ni na faɗa. Nan nake zaune."

Kusan duk layin da muka je, akwai wata mai irin wannan kunnen da irin wannan tsoron. Ba na ganin laifinsu, amma wani lokaci haushi yakan kama ni.

* * *

A asibiti mun tarar da ita an ɗinke kan, an ɗaure hannun. Mijin yana zaune a gefen gado yana yi mata fifita da kwali. Mutum ne mai fara'a, ya miƙe ya ba ni kujera, har da ce mini Mama.

"Ƙarfe bakwai na fita," in ji shi tun kafin a tambaye shi. "Ban sake taka gidan ba. Daga shago aka kira ni, na wuce nan kai tsaye. Wallahi duk wanda ya yi mata haka, ni da shi ne."

Lauya ta sunkuya. "'Yar'uwa, kin ga wanda ya shigo?"

Maman 'Yan Biyu ta dubi silin. "Ban ga kowa ba."

Ni kuwa ƙarƙashin gado nake kallo. Takalmanta na nan, wani ya kawo mata, na dama ya fi cinyewa saboda taka keke. Na san takalman nan. Mako biyu da suka wuce sun zo ofishinmu, suka zauna a benci kusan awa ɗaya, suka ɗauki takardarmu mai lambar waya, suka fita ba tare da mai su ta ce uffan ba. Ni na share sawunsu.

A baranda likita ya gaya mana gadaje sun yi kaɗan, ƙarfe biyar zai sallame ta. Na tambaye shi hannun wa. Ya ce hannun mijinta mana. Na dubi agogon bango, sha ɗaya da kwata.

"Inna," in ji Lauya a mota, "zato ba ya shiga kotu. In har biyar ta yi ba mu da komai, gidan nan za ta koma ta kwana."

"Ja motar, 'yar nan," na ce. "Ƙasa ta ga komai, tambayarta kawai za a yi."

* * *

Mai ruwa yana zaune a ƙasa a shagon mai sayar da siminti, inda Sufeto ya ajiye shi don kada a ƙarasa shi. An riga an kumbura masa kunci ɗaya.

"Na zo, ban ɓoye ba," in ji shi. "Takwas da rabi, kamar kowace rana. Na yi sallama sau uku, ba a amsa ba. Na tura kurata na wuce."

Na je na duba. Jama'a sun lalata tsakiyar hanya, amma mai tura kura jikin bango yake bi, kuma can babu wanda ya taka. Tayoyin sun zo, sun tsaya. Ga ƙafafunsa biyu a jere a bakin ƙofa, irin tsayuwar mai jira. Sun juya, sun koma bayan kura. Zurfin tayoyin da suka tafi daidai yake da na waɗanda suka zo. Bai sauke jarka ɗaya ba, bai ɗora komai ba.

Na koma na ce masa, "Ɗana, ba ka shiga ba, na gani. Amma me ya sa ka yi sallama har sau uku? Ba ka ɗauka ta fita ba?"

"Ai tana ciki, Inna. Ina jin ana shara."

"Da takwas da rabi?"

"Wallahi. Da na fara sallama sai sharar ta tsaya. Na ce yau matar nan ba ta son ruwa ne."

Maƙwabciya ta ji shara bakwai da rabi. Mai ruwa ya ji shara takwas da rabi. Tsakar gidan nan taku goma ce, na leƙa ta ɗazu. Babu macen da za ta yi awa ɗaya tana share ta.

* * *

Masu zargin mai gyaran keke suna da hujja, sun kuma yi ta ja mini hannu in gani. Ɗigon baƙin mai ne, daga ƙofar gidan har rumfarsa. Na durƙusa. Ƙura ta riga ta sha man, tururuwa sun yi hanya ta kansa, kaza ma ta taka ɗaya. Man jiya ne, daga gwangwaninsa mai yoyo.

"Jiya na je, na gyara mata bel," in ji shi. "Yau tun bakwai ina makarantar koyon ɗinki, mata ashirin sun gan ni. Kuma Inna, wa zai saci kan keken nan? Ya girmi matata."

"An ce ba fizge shi aka yi ba," na ce, "kwance shi aka yi a tsanake. Aikin wanda ya san keke ke nan."

"Ko wanda ya san teburin. Ba teburin kamfani ba ne. Ta ƙarƙashi aka ɗaure shi, ni kaina na fi minti goma ina laluben noti."

"Wa ya yi teburin?"

Ya dubi ƙarshen layi, wajen shagon kafintoci.

* * *

Shagon kafintocin rumfar kwano ce mai tsawo. Babban kafinta, dattijo mai fensir a bayan kunne, shi kaɗai muka samu. Wani ƙamshi ya daki hancina tun daga ƙofa. A tsakiyar shagon an jibge jan katako sabo, an yanka guda biyu, jan garinsa ya zuba a kan farin garin da ya cika ko'ina.

"Kai, wannan katako da kyau yake," na ce, kamar mai son a yi mata gado.

Dattijo ya saki fuska. Ba ka taɓa rasa bakin mai sana'a in ka yabi kayansa. "Yau aka sauke shi, ƙarfe takwas. Wata biyu muna jiransa, sai fari muke ta fama da shi. Baban 'Yan Biyu ne ya fara sa masa zarto."

"Bai fita ko'ina ba da safen nan?" in ji Lauya.

Dattijo ya cire fensir, ya duba shi kamar yau ya fara ganinsa. "Yana nan. Har aka kira shi."

Ban ja da shi ba. Ina kallon yadda suke shara ne. A kowane lungu akwai tulin garin katako, an tura shi da ƙarfi an bar shi nan. Kafinta ba ya kwashe shara. Turawa yake yi gefe don ya samu wurin tsayawa, sai mai siyan garin ya zo da buhu.

* * *

Na sa Sufeto ya buɗe gidan, na cire takalmi, na shiga ni kaɗai ina bin jikin bango. Tsakiya ta lalace da sawun waɗanda suka ɗauke ta. Gefe-gefe kuwa lafiya lau, kamar an ajiye mini.

Shara biyu ce, ɗaya a kan ɗaya. Ta ƙasa ta mace ce wadda ta saba: gajeren zane, a jere, a sunkuye, tana ja da baya tana share sawunta, kuma ta kwashe abinta ta zuba a bokiti. Ta sama kuwa dogon zane ne mai nauyi, an danna tsintsiyar har ta ƙwarzane ƙasa. Ta taso daga ƙofar ɗaki zuwa duro, wato an share hanyar da aka jawo ta. A ɗaki aka doke ta, aka fito da ita waje don a ce ɓarawo ta tare.

Na bi dogon zanen har inda ya ƙare, a lungu bayan duro. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na daɗe ina kallo. Sannan na ɗauko kwanon wanki na kife a wurin, na zauna a kansa.

"Lauya!" na kira. "A tara mini su. Ƙarfe uku."

* * *

Sufeto ya jera su a jikin bango: mai ruwa, mai gyaran keke, babban kafinta, da Baban 'Yan Biyu da aka ɗauko daga asibiti. Maƙwabciya tana bakin ƙofa, mutanen layi kuma sun hau katanga kamar ana wasan ƙwallo.

Na nuna musu shara biyun. Na ce ta farko ta matar gida ce, bayan mijinta ya fita, don haka duk abin da ke kanta daga baya ya zo. Na ce ta biyu ita mai ruwa ya ji.

"To ai ɓarawon ne ya share sawunsa, Mama," in ji Baban 'Yan Biyu cikin ladabi.

"Haka ne, ɗana. Amma kowa da irin shararsa. Mai gyaran keke, kai in ka share rumfarka ina kake kai sharar?"

"Kwata nake turawa, Inna."

"Mai ruwa fa?"

"Ni ko tsintsiya ba ni da ita."

Aka yi dariya a kan katanga. Baban 'Yan Biyu ma ya yi.

"Wannan mai sharar," na ce, "lungu ya tura ta, ya tula, ya bar ta nan. Hannunsa ne ya yi masa haka, bai ma sani ba."

Na tashi na ɗaga kwanon. Ɗan tuli ne: ƙasa mai jini, zare, guntun takardar ofishinmu da aka yayyaga, da garin katako a barbaɗe cikinsa. Na ɗebo kaɗan a tafin hannu na kai wa Sufeto.

Baban 'Yan Biyu ya ɗaga kafaɗa. "Gidan kafinta ne. Kullum da garin katako nake shigowa, a naɗin wandona, a gashina. Wannan ne hujjar?"

"Wane launi ne, Yallaɓai?" na tambayi Sufeto.

"Ja."

Na juya wurin babban kafinta. "Baba, yaushe jan katako ya shigo shagonku?"

Dattijo ya dubi tafin hannuna, ya dubi jinin da ke cikin tulin.

"Baba," in ji Lauya a hankali, "ƙarfe biyar za a sallamo ta. Nan za a kawo ta."

"Ƙarfe takwas," in ji shi. "Yau."

"Shi kuma ya ce tun bakwai bai sake taka gidan nan ba," na ce. "To garin ne ya tako da ƙafarsa?"

Fara'ar Baban 'Yan Biyu ta zube, na ga fuskar da matarsa ta sani.

"Ya fita," in ji dattijo, yana magana da ƙasa. "Ya yanka guda biyu, ya ce ya manta tef ɗin awo a gida. Ya fi rabin awa. Ya dawo da buhu a kafaɗa, ya sa a kabad ɗin da ba mu gama ba, ya kulle. Na yi muku ƙarya ɗazu. Na ɗauka irin ta kullum ce."

"Irin ta kullum," in ji Lauya. Dattijo ya kasa ɗago kai.

Baban 'Yan Biyu ya zabura. "Matata ce! Takardar lauyoyi na tarar a ƙarƙashin kekenta! Ni za ta kai ƙara? Da kuɗin wa? Wannan maganar gida ce, ina ruwanku!"

Sufeto ya riƙe shi. Da aka buɗe kabad, kan keken na ciki, naɗe a buhu. Waɗanda suka mari mai ruwa da safe suka sulale daga kan katanga ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ce masa yi haƙuri sai da na tsaya a kansu.

A bakin mota Sufeto ya ja mu gefe. "Inna, na sara miki. Amma ku sani, gobe danginsa za su cika mini ofis, a ce a sasanta. In ita ba ta buɗe baki ba, ba zan iya riƙe shi da daɗewa ba."

Gaskiya ya faɗa. Ni iyakata ƙasa, abin da ya rage ba nawa ba ne.

* * *

Biyar saura kwata muka shiga ɗakin. Nas na tsaye da takardar sallama tana tambayar ina mijin. Maman 'Yan Biyu ta dubi kujerar da babu kowa, ta dube mu.

Lauya ta zauna a kujerar. "Yana hannun 'yan sanda. Ba ke kika faɗa ba, kuma ba wanda zai ce ke ce. Yaranki na wurin maƙwabciyarki, sun ci abinci. An samo kekenki."

"Zai fito," in ji ta, da kyar ake ji.

"In kin yi shiru, zai fito. In kin yi magana, gobe da safe ina gaban alƙali in nemi a hana shi kusantarki. Yau kuma muna da wurin da za ki kwana ke da yaran, inda bai sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, hanyar da tsawo. Amma ni ce lauyarki har ƙarshenta."

"Ya ce lauya sai mai kuɗi. Ya ce in na je, 'ya'yana za a ƙwace a ba shi."

"Ba za ki biya komai ba, ko na takarda. Maganar yara kuma ba shi ke yanke ta ba, kotu ce, kuma a can ina tsaye a gefenki."

Ta juyo gare ni. "Ke ce mai shara a ofishin. Kin ba ni shayi ranar nan, ban sha ba."

"Na gani, 'yata. Na ji haushi kuwa, don shayina ba a barin sa."

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da kuka. Muka bar ta ta yi. Nas ta naɗe takardar sallamar ta sa a aljihu, ta ja labule. Ni kaina sai da na share ido, ba kuma na jin kunyar faɗa.

Da ta lafa, Lauya ta fito da ɗan littafinta ta buɗe a kan cinya. "In kin shirya. Ki fara daga safiyar yau."

Maman 'Yan Biyu ta daɗe tana kallon littafin. Ta sa hannunta mai lafiya ta taɓa kaurinsa, kamar yadda take taɓa yadi kafin ta yanka.

"Ba daga yau zan fara ba," in ji ta, muryarta ta fito sarai. "Kuma wannan ba zai isa ba, Lauya. A samo babba. Shekara goma sha ɗaya ce."